Gwiwar Hannu Na Ce, Ba Ta Ƙafa Ba

Wahalar farko da na gamu da ita a Indiya jakata ce. Ina tsaye a filin jirgin Delhi ina kallon ta a kan bel ɗin nan mai juya kaya, ta zo gabana ta wuce, ta sake zagayowa ta wuce, ni kuwa ba ni da hannun da zan fizgo ta. Mutane suka kwashe nasu suka watse, ya rage daga ni sai ita. Sai da wani tsoho mai shara ya lura, ya nuna ta da sandar tsintsiyarsa, na gyaɗa kai, ya sauko mini da ita ya ɗora a kan amalanke. Da cikina na riƙa tura amalanken har na fita.

Sunana Rakiya, tela ce ni a unguwar Congo-Russia cikin Jos, ko in ce tela ce ni a da. Ciwon ya same ni bayan haihuwar autata Amira. Da safe yatsuna su sandare, sai rana ta ɗaga su saki. Muka ce sanyin Jos ne, aka yi ta shafe-shafe da gashi da ruwan zafi. Sai da abin ya yi nisa muka je wurin wani likitan gaɓɓai, ya ce wannan ba sanyi ba ne, rumatoyid ne, wato garkuwar jikina ce da kanta ta juyo tana cin gaɓɓaina. Magungunan da ya ɗora ni a kai sun kwantar da sauran jikin, amma gwiwoyin hannuna biyu sun riga sun lalace. Sun ƙage a lanƙwashe, ba sa miƙewa, ba sa kuma naɗewa su kai bakina. Ƙanwata Ummi ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini ɗankwali, ita ke ba ni abinci. Likitan ya ce sai aiki, kuma masu yin aikin gwiwar hannu ba su da yawa a ƙasarmu.

Mijina Shu'aibu mahauci ne a Abattoir. A can wani abokin sana'arsa ya haɗa shi da Oga Tanko, mutumin gida ne da ke zaune a Delhi yana kai marasa lafiya asibitoci. Shi ya shirya komai ta waya. Da Ummi za mu taho, amma bizarta ba ta fito ba. Oga Tanko ya ce kada in jira, likita ya riga ya ba da rana, ta Ummi za ta fito cikin mako ta biyo ni. Haka na taho ni kaɗai.

Ya tarye ni a bakin fita, ƙamshin turare na tashi, waya biyu a hannu. Ya ce, "Hajiya, kin iso ke nan, wahala ta ƙare. Hannu biyun za a yi miki lokaci guda, kafin Sallah kina kan kekenki."

Ya kai ni wani masauki a cikin lungu, ɗakin can sama, bene mai tsayi ba lif. Ya ajiye mini shinkafa a roba mai murfi, ya ce gobe da safe zai zo, ya ja ƙofa. Na daɗe ina kallon robar. Da haƙori na buɗe murfin. Akwai dogon cokali da Shu'aibu ya ɗaure mini a jikin sanda, da shi nake ɗan ci in Ummi ba ta kusa, amma yana cikin jaka, zif ɗin jakar kuma ya fi ƙarfin yatsuna. Na tura robar bakin tebur, na sunkuyar da kai na ci da baki. Na gode Allah da babu mai ganina.

Washegari muka je asibitin. Gini ne mai ƙyalli, ko'ina gilashi. Likitan ya yi fara'a, ya sa na hau gado, ya ɗage mini zane zuwa ƙwauri, ya fara danna gwiwar ƙafata yana tambaya ko da zafi. Turancina na sakandare ne, nasu kuma da sauri yake fita, amma na gane akwai abin da ba daidai ba. Na ɗaga hannuwana iya inda suke ɗaguwa na nuna masa. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi Oga Tanko. Suka yi magana mai tsawo, muryar likitan ta canza.

Na ce, "Oga, me yake cewa?"

Ya ce, "Wai shi gwiwar ƙafa da ƙugu yake yi. Ai gwiwa maigidanki ya ce mini."

"Gwiwar hannu ya ce. Kuma mun turo maka hotunan ƙashin."

Ya hau latsa waya kamar mai nema. Ina kusa da shi, na ga saƙon Shu'aibu, hotunan ko buɗe su ba a yi ba.

Da muka fito harabar asibitin ya rage murya ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. Ƙafar ma ai takan yi miki ciwo, ko ba haka ba? Tunda an riga an zo, a yi ta mana. Hannun sai a duba daga baya."

Na ce ƙafata ita ce ta kawo ni nan da kanta, ba abin da ta yi mini. Ya ɗaure fuska, ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya sa ni a keke mai ƙafa uku ya gaya wa direban sunan lungun. Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Shu'aibu ya je ofishin da aka ce an kai takardun Ummi a Abuja, aka ce ba su taɓa ganin sunanta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kayan da na sauka da su su ne a jikina, don ba zan iya cire riga ta kai ba. In zan yi alwala sai in kunna famfo da bayan hannu, in sunkuya in kai fuskata ga ruwan. Mai masaukin yakan aiko da shayi da wata gurasa, ya yi mini magana in yi masa, ba mai jin wani. Ta taga ina ganin wayoyin lantarki a cukurkuɗe da birai suna bi ta kansu, ga hon ɗin motoci ba ya yankewa. Ni da nake ƙorafin sanyin Jos, sai ga ni ina kewar sa, ina kewar hazon safiya a kan duwatsu da muryar masu tallan tumatir a layinmu.

Wata ranar na sauko zan nemi ruwan sha, ɗankwalina ya zame ya faɗi a tsakiyar bene. Na zauna a kan matattakala kaina a buɗe, na ajiye waya a cinya na kira Shu'aibu, na ƙara murya don ba na iya kai ta kunne. Na ce, "Baban Amira, ka nemo mini hanyar dawowa. Na haƙura da hannun." Shi kuwa yana ta ba ni haƙuri.

Sai na ji an tsaya a bayana. Wata dattijuwa ce, gajera, da tukunya a hannu da ƙaramin gicciye a wuya. Ta ce, "Kai mutumin ina ne?"

Hausar ƙabilun wajenmu na Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Da muna yara mukan yi wa masu irinta dariya. Ranar nan kuwa da na ji ta, kuka ya ƙwace mini.

Na ce, "Jos, Mama. Congo-Russia."

Ta ajiye tukunyar, ta ɗauki ɗankwalin ta kakkaɓe, ta ɗaura mini irin ɗaurinsu mai tsini a gefe. Ta ce, "Tashi, yarinyana. Ka ci abinci yau?"

Sunanta Mama Chundung, malamar firamare ce da ta yi ritaya, mutanen wajen Barikin Ladi ne amma a Jos suka yi aiki. Mijinta Baba Gyang ƙodarsa ce ta gaza, ana yi masa wankin ƙoda a wani asibiti kusa, suna jiran ya yi ƙarfin da za a yi masa dashe. A ƙasan ɗakina suke. A gida, tun rikice-rikicen da aka sha, akwai unguwannin da ba ma shiga, su ma akwai waɗanda ba sa shiga, kuma tawa tana cikinsu. Ba ta ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Ta zaunar da ni a bakin gadonsu, ta zubo gwaten acca, accar da ta ƙullo tun daga gida, ta riƙa hurawa tana ba ni a baki. Baba Gyang yana kwance, ƙafafunsa a kumbure, ya ce da ya san akwai matar mahauci a saman kansa da tuni ya aiko a ba shi tsire ko da a ɓoye ne, don likitoci sun hana shi komai mai daɗi.

Ita ta yi mini wanka ranar. Ita ta buɗe jakata. Ita kuma ta yi ta tambaya a asibitin mijinta har aka nuna mata wani likita da aikinsa kafaɗa da gwiwar hannu ne kawai.

Wannan likitan bai yi fara'a irin ta na farko ba. Ya sa aka ɗauki sababbin hotuna, har da na wuyana, wai ciwon yakan sassauta ƙashin wuya kuma dole su sani kafin su sa mutum barci. Ya jera hotunan a jikin fitila, ya yi magana a hankali, Mama tana mayar mini da Hausa.

Ya ce akwai hanyoyi, amma ba duka ne suka rage mini ba. Ta farko, a shiga ta ƙananan huji a kankare fatar cikin gaɓar, wadda ke kumbura tana cin guringuntsi, wani lokaci a yanke kan ƙaramin ƙashin da ke gogawa. Wannan tana rage zafi sosai, amma ga wanda guringuntsinsa bai ƙare ba.

Mama ta ce, "Ya ce da ka zo da wuri, da wannan ne za a yi."

Na ce, "Da wuri yaushe?"

Ta tambaye shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shekarun baya. Shekarun da muke gasa hannun da ruwan zafi ke nan.

Ta biyu, a gyara bakin ƙasusuwan a shimfiɗa wata fata ko jijiya a tsakaninsu don kada su riƙa gogar juna. Ya ce ana yi wa masu ƙananan shekaru irina, don ba ta hana ɗaukar kaya kamar ƙarfe. Na fara sa rai. Sai ya sa biro a kan hoton hannun dama ya nuna inda ƙashin ya zaizaye, ya ce babu isasshen ƙashin da zai riƙe, in an yi hannun zai riƙa lilo. Na hagu wataƙila, shi ma bai yi alkawari ba.

Ta uku, a haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya. Zafi zai tafi, hannun zai yi ƙarfi, amma ba zai ƙara motsi ba har abada. Ya tambaye ni, in an kafe shi a inda zai kai baki, da me zan yi tsarki? In an kafe shi a miƙe, da me zan ci? Shi da kansa ya ce ba ya ba mai ciwon hannu biyu wannan shawarar.

Ta ƙarshe, a cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba mai tauri. Ya ciro samfurinta daga aljihun tebur ya ɗora mini a cinya. Kamar hinjin ƙofa take, da dogayen ƙafafu biyu da ake cusawa cikin ƙashi a liƙe da siminti irin nasu. Ya ce zafi zai ragu ƙwarai, hannu zai kai baki, zai kai kai. Daga nan ya jero sauran. Ƙwayar cuta tana iya shiga, musamman ga mai shan magunguna irin nawa, don haka sai an dakatar da wasu kafin aiki. Akwai jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar zuwa ƙaramin yatsa, tana iya taɓuwa. Ƙarfen yana iya yin sako-sako da shekaru, ni kuma ban kai arba'in ba, da wuya ya kai ni ƙarshen rayuwa ba a sake buɗewa ba, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Sannan ba zan ƙara ɗaukar abu mai nauyi da hannun ba.

Na ce, "Mai nauyi kamar me?"

Ya nuna butar shayin da ke kan teburinsa, ya ce in ta cika, kusan iyakata ke nan, ita ma ba kullum ba.

"Bokitin ruwa fa? Dutsen guga na gawayi? Daka?"

Ya girgiza kai a kan kowanne. Ɗinki marar nauyi a keken lantarki, ya ce wataƙila.

Na ce, "Mama, ki ce masa ina da yarinya ƙarama. Tun tana jaririya ban ɗauke ta da hannuna ba, sai dai a ɗora mini ita. Saboda ita na zo."

Mama ba ta fassara nan da nan ba. Da ta faɗa masa, ya ce zan iya rungume ta, zan iya shafa kanta, zan iya ba ta abinci. Ɗagawa dai a'a. Kuma hannu ɗaya zai yi, ɗayan sai bayan watanni, in wannan ya warke.

Muka fito. A masauki na kira Shu'aibu na zayyana masa, ina so ya zaɓa mini, ko ya ce in dawo, ko ya yi faɗa. Ya ce, "Rakiya, ni nama na sani, ban san wannan ba. Duk wanda kika ɗauka ina bayanki." Na kira likitana na Jos, ya ce abin da aka gaya mini gaskiya ne, amma ni ce mai hannu. Kowa ya miƙo mini zaɓin, alhali abu ɗaya ne ya rage a kan tebur. Na yi istihara, na ce a sa ƙarfen a dama.

Sai da aka jira magungunan suka fita daga jikina, cikin jiran nan sauran gaɓɓaina suka tashi, har ƙafar ta kumbura. Mama ta raba kanta biyu, safiya tana wurin wankin ƙodar Baba, yamma tana wurina. Ranar aikin ma'aikaciyar jinya ta tambayi wa zai zauna da ni, Mama ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. Ta bi gadona har ƙofar da ba a wucewa, tana addu'arta ina tawa.

Na farka hannuna a naɗe, an rataye shi sama, zafi kamar an zuba garwashi a cikin ƙashin. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi ba na jin su. Likitan ya ce jijiyar ce ta ji jiki, sau da yawa tana dawowa, in ba ta lokaci. Mama tana nan da na buɗe ido, tana nan washegari. Rana ta uku ba ta zo ba. Ta huɗu ma haka. Wayata tana cikin durowa, na kasa jawo ta, na kasa kuma yi wa ma'aikatan bayanin wadda nake nema. Su suke ba ni abinci, a tsaitsaye, wani wake-wake mai yaji, cokali na bin cokali kafin in haɗiye.

Da ta zo, da rana tsaka ne, ba tukunya a hannunta. Ta zauna a kujerar gefen gado, ta gyara mini bargo. Ta ce, "Baba ya tafi, yarinyana. Zuciyansa ne ya tsaya a kan injin."

Na so in riƙe ta. Dama a rataye, hagu ya tashi kaɗan ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ba abin da na iya sai kiran sunan Allah. Ita ce ta matso da kujerar ta kifa kanta a kan ƙafafuna, ta yi kukanta a nan, ni kuwa ina kallon furfurar ƙeyarta.

Fitar da gawa daga ƙasar mutane ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan an sallame ni na koma masauki, kullum Mama ta fita tun safe, daga wannan ofis zuwa wancan, ta dawo ƙafafunta sun yi ƙura. Ni da ya kamata in dafa mata, in karɓi masu gaisuwa, in wanke mata kaya, ina zaune da hannu a maƙale a wuya. Duk da haka in ta dawo sai ta ɗora tukunya, ta zo ta zauna gabana da cokali. Na ce ta bari, mai masauki zai aiko da gurasa. Ta ce, "In ban ba ka abinci ba, me zan yi da hannuna? Buɗe baki."

Ita ta riƙa raka ni wurin masu motsa gaɓa. A can, ana riƙe da gwiwar ana lanƙwasa ta a hankali, babban yatsana ya taɓa haɓata a karon farko cikin shekaru. Na juya in nuna mata, na tarar ta yi barci a kan benci, takardun Baba a ƙirjinta.

Bizata ta kusa ƙarewa lokacin da takardunta suka kammala. Likitan ya cire zaren ɗinkin, ya rubuta wa likitana na Jos bayani, ya ce in dawo a duba na hagu. Na ce to, don ban san yadda zan ce masa ba na jin zan sake ganin garin nan ba. Jirgi ɗaya muka hau da Mama, kujerunmu a jere, Baba Gyang yana ƙasanmu cikin akwati tare da kaya. Da jirgin ya shiga gargada ta dafa ƙasan kujerarta, ta ce a hankali, "Sannu, Baba."

A Abuja mutanenta suna jira da motar asibiti da fastonsu, Shu'aibu kuma ya zo da motar wani abokinsa. Ya ga yadda na rame, ya yi salati. Na nuna masa Mama. Ya je ya durƙusa har ƙasa a gabanta, a gaban 'ya'yanta, ya yi mata gaisuwa, ta dafa kansa. Aka shigar da akwatin, ta shiga ta zauna kusa da shi.

Hanyarmu ɗaya ce. Shu'aibu ya sa motarmu a bayan tasu, bai wuce su ba ko da suka rage gudu, ta Keffi, ta Akwanga, har muka fara Hawan Kibo iska mai sanyi ta shigo ta taga. A shingayen sojoji in an tambaye shi, sai ya nuna motar gaba ya ce, "Tare muke."

A Mararrabar Jama'a hanya ta rabu, su za su yi dama zuwa Barikin Ladi, mu mu miƙe cikin Jos. Motar asibitin ta rage gudu, na ga fuskar Mama a gilashin baya, ta ɗora tafin hannunta a jikinsa. Na yi ƙoƙarin ɗaga nawa. Na dama yana ɗaure a ƙirjina, na hagu ko bakin taga bai kai ba.

Na ce, "Baban Amira, ba ta ganin hannuna."

Ya danna hon, ya riƙe shi, bai saki ba har motar ta sha kwana.